Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

 

Tsakanin sallame sallah da hudowar rana akwai ɗan lokacin da ido ba abin dogaro ba ne. Duhu bai gama tafiya ba, haske bai gama isowa ba. A Gidimuni, kilomita 60 da ɗoriya gabas da birnin Damagaram a kan hanyar Gure, lokacin nan ne masu garka ke gangarawa kwari, kuma duk wanda ya saba wannan sammako ya san irin abin da hanya kan nuna wa mutum. Kututturen dabino ya zama dattijo a durƙushe. Suri ya zama mace da goyo. Ramuka biyu a jikin kuka da tsaga ɗaya a ƙarƙashinsu, sai ga fuska tana harararka. Gaba ya faɗi, ƙafa ta tsaya cak, baki ya kama a'uziyya. In mutum ya daure ya ƙara taku goma, kututture ya koma kututturensa.

Kada wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya zargi hankalinsa ko imaninsa. Haka Allah Ya ƙera mu. Masu binciken ƙwaƙwalwa na kiran abin paredoliya, kuma sun daɗe suna bin diddiginsa. Tun a 1975 aka gwada jariran da ba su cika sa'a guda a duniya ba, aka ga sun fi juya kai su bi takardar da aka zana wa idanu da hanci da baki a inda suka dace, a kan wadda aka hargitsa zanenta. Jaririn da bai san sunan uwarsa ba ya zo duniya yana neman fuska. A 1997 wata masaniya a Amurka, Nancy Kanwisher, da abokan aikinta suka nuna wani ɗan gurbi a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda babban aikinsa gane fuska. Gurbin nan ba ya jiran shawara. Kafin kashi ɗaya cikin biyar na sakan guda ya wuce, ya riga ya yanke hukunci cewa fuska ce. Tunani daga baya yake isowa. Birai ma an gwada su, su ma suna ganin fuska a jikin abin da ba shi da ita.

Akwai rahama a cikin wannan gaggawa. Ana cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da sigar zolaya ake faɗi, amma gudun nan ne ya raya kakanninmu. Wanda ya ɗauki igiya maciji ya sha dariya, ya wuce. Wanda ya ɗauki kububuwa igiya, sai dai a je wa iyalinsa gaisuwa. Saurin idon nan ne kuma ke sa ka tsinto ɗanka cikin cunkoson ranar kasuwa, ke sa uwar gida ta gane maigida ya dawo da damuwa tun bai gama sallama ba. Abu na farko da ke kanmu da safen nan godiya ce.

Sai dai ido ba shi kaɗai ke gani ba. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen 965 ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya rubuta Kitabul Manazir juzu'i bakwai a kan gani, ya ware na uku ga kurakuran ido. A wurinsa, haske da launi kawai ido ke karɓa. Sauran, wato cewa wancan doki ne, wancan Malam wane ne, hukunci ne da rai ke yankewa ta hanyar gwada abin da ke gabansa da surorin da ya daɗe da adanawa, cikin saurin da mutum bai ma san ya yi ƙiyasi ba. Ya lissafa sharuɗɗan da in ɗaya ya gurgunce gani kan ɓata, cikinsu har da isasshen haske, nisa madaidaici, sarari garau, isasshen lokaci da lafiyar ido. Auna hanyar garka da asuba a wannan ma'auni: haske bai isa ba, hazo ya tare, mutum na sauri, ga sauran barci a ido.

Shekara kusan dubu bayansa, a 2014, Farfesa Kang Lee na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa na ƙasar Sin suka nuna wa mutane hotunan da ba komai cikinsu sai ɗige-ɗigen fari da baƙi da na'ura ta watsa barkatai. Suka ce musu rabin hotunan akwai fuska a ɓoye. Mutanen suka ga fuska a kashi 34 cikin ɗari na hotunan. Da aka ce musu haruffa ne a ɓoye, sai suka ga haruffa a kashi 38. Ba ƙarya suka yi ba, don na'urar da ke ɗaukar aikin ƙwaƙwalwa ta nuna gurbin fuskar nan ya motsa da gaske. Abin da aka sa musu a rai shi suka gani.

A ƙasar Damagaram ba a rasa mai naira a aljihu, don cinikinmu da Kano ba yau aka fara ba. Wanda ya taɓa juya takardar naira 100 da aka fitar a 1999 ya ga Dutsen Zuma a bayanta. Dutsen na bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kusa da Madalla, kuma a jikinsa akwai fuska da idanu da hanci da baki. Ba wanda ya sassaƙa ta. Ruwan sama ne da ya shekara aru-aru yana gangarowa, da rana da iska, suka ci wani wuri suka bar wani, daga baya labarai da tsoro suka taru a kai. Manyan duwatsun da ke jibge a unguwar Birni, can wajen fadar Sarkin Damagaram, su ma in yamma ta yi inuwa ta kwanta, yaro zai nuna maka kan raƙumi ko hancin tsoho. Koma da rana tsaka ka nema, ka rasa.

Masu kumbo da kwamfuta ma ba su tsira ba. Ranar 25 ga Yuli 1976 kumbon Amurka mai suna Viking 1 ya ɗauko hoton wani yanki na duniyar Mas, sai ga fuskar mutum tana kallon sama. Aka rubuta littattafai, aka ce wasu halittu ne suka gina ta. A 2001 wani kumbon, Mars Global Surveyor, ya sake ɗaukar wurin da kyamara mai ƙarfi: tsauni ne da ya zaizaye. Idon inuwa ce, ƙofar hancin kuwa baƙin ɗigo ne na inda saƙon hoton ya yanke a hanya. Shekara 25 ke nan ana gardama a kan inuwa.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Maroko. A watan Agusta 1953 Faransawa suka tuɓe Sarki Muhammadu na Biyar, suka kai shi tsibirin Kosika, daga nan Madagaska. Mu nan mun san ɗacin irin wannan rana, tunda a 1906 haka suka yi wa Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa. Cikin shekara biyun da sarkin Maroko ya yi a hannunsu, talakawansa suka riƙa hawa soro da dare suna nuna wa juna fuskarsa a jikin wata. A ƙarshen 1978 mutanen Iran suka ga Khumaini a watan nan dai. Sinawa da Japanawa kuwa zomo suke gani a cikinsa tun tale-tale. Wata ɗaya ne, tabonsa bai sauya ba: filaye ne na narkakken dutse da ya daskare tun babu ɗan Adam a doron ƙasa. Abin da ke sauyawa shi ne begen da mai kallo ya hau soro da shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma fuskar da ka hango a gajimare ma labarin taka zuciyar take bayarwa. Tambayi kanka, ɗan'uwa, tambayi kanki, ƴar'uwa: in duhu ya ba ni abin da ban tantance ba, me na fi saurin gani? Akwai wanda ko ina maƙiyi yake gani. Akwai wanda kuɗi. Akwai wadda ko wace inuwa kishiya ce. Wannan tambaya ta fi hoton da ya tayar da ita amfani.

Ban ce a daina kallo ba. Yaran da ke kwance a tabarma da damina suna rabon gajimare, wannan dokina, wancan raƙuminka, ba su yi laifin komai ba. Kakanninmu sun kalli tarin taurari suka ce kaza da ƴaƴanta, suka kira Zara matar wata. Buzaye sun ga taguwa da ɗanta a taurarin arewa, sun ga Amanar, wato jagora, kuma da irin waɗannan surori madugan ayarin gishiri ke riƙe hanyar Fashi da Bilma a ka. Amma ba wanda ya taɓa zaton akwai kaza mai fukafukai a sama. Sun san su ne suka raɗa sunan. Kama da wane ba wane ba ne.

A Dabus, arewacin Agadas, akwai raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, aikin shekara 6,000 ko fiye. Wannan ba sai an ce maka karkata kai ko runtse ido ɗaya ba. Ko ta ina ka ɓullo, ko da wane haske, raƙumin dawa ne da zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya, ga sawun hannun wanda ya sassaƙa. Abin da aka yi da nufi ba ya bukatar a zagaye shi da jan layi a ɗora masa kibiya.

Jan layin nan ne ya kawo mu inda maganar ta shafi addini. A watan Yuli 2008 BBC ta ba da labarin wani gidan abinci a Birnin Kebbi inda aka ga sunan Allah a jikin tsokar nama, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gani. A Ingila a 1997 tumatir ne, a garin Hadasfil. Yau ba sai an jira rediyo ba. Kafin ka gama lazimi saƙo ya faɗo WhatsApp: kankana, ƙwai, gefen rago, kunnen jariri, gajimare a kan masallaci, itace mai ruku'u. An ɗora karatu mai sa kuka, a ƙasa an rubuta cewa in kai Musulmi ne ka tura wa mutum goma, kada ka wuce ba ka ce amin ba.

Mu yi wa kanmu adalci. Sunan Maɗaukakin Sarki a rubutun Larabci tsayayyun layuka uku ne da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Jijiyoyin tumatir, kitsen da ke ratsa nama, tsagar bango bayan damina, duk layuka ne da lanƙwasa. Tumatir nawa ake yankawa tsakanin Gidimuni da Mirya a rana ɗaya ta rani? Cikin wannan yawa, a ce ba a taɓa dacewa da mai kama da rubutu ba, shi ne zai zama abin mamaki. Ga shi mu mutane ne da tun muna rungume da allo idonmu ya saba da wannan suna fiye da kowace kalma. Waɗancan mutanen na gwajin 2014 baki ɗaya aka gaya musu akwai haruffa suka gan su. Mu fa da muke ɗauke da sunan a zuciya dare da rana? Wata mata a Amurka Nana Maryamu ta gani a gasasshen burodi, har aka saye shi dalar Amurka 28,000 a 2004. Mabiya addinin Hindu kan ga abin bautarsu mai kan giwa a saiwar itace. In kama hujja ce, to kowa ya kafa tasa.

Ba na musun ikon Allah, wa ni. Wanda Ya tsaga wa Annabi Musa teku, rubutu a tumatir ba komai ba ne gare Shi. Tsohuwar da ta yanka gauta ta ce Subhanallahi hawaye na zuba, ba ni da abin ce mata sai Allah Ya karɓa, Iya. Tasbihi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Damuwata a kan taku na gaba take. Ranar da na ce Allah ne Ya rubuta wannan don Ya sanar da mu kaza, na tashi daga mai kallo na koma mai ba da shaida, kuma a kan Ubangiji nake ba da ita. Ko a shari'ar akuya alƙali ba ya karɓar "ta yi mini kama da ita". Suratul Isra'i ta gargaɗe mu kan bin abin da ba mu da saninsa, ta kuma sa ido cikin gaɓoɓin da za a tuhuma. Imamu Muslim a gabatarwar littafinsa ya kawo hadisin da ya lissafa mai yaɗa duk abin da ya shigo kunnensa cikin maƙaryata. Yatsan da ke danna turawa yana ƙarƙashin wannan hukunci, ko da niyyar mai shi fara ce tas.

Imanin da aka rataya a hoto salka ce a reshen zogale. Yaron da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, in babansa ya tura masa irin wannan hoto, cikin minti biyu zai iya gano cewa haɗin kwamfuta ne, balle yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke zana maka duk gajimaren da ka nema. Zai yi shiru don ladabi. Amma in tun yana ƙarami an koya masa cewa hujjar addininsa ke nan, me zai hana ya zaci sauran ma haka suke? Wanda ya ƙirƙiro hoton yana ganin ya taimaki Musulunci. Addinin da ya shekara 1,400 da ɗoriya a tsaye bai aike shi ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗi. Idon da ke karanta alheri inda ba a rubuta ba, shi ne dai ke karanta sharri inda ba a aikata ba. A ɗauki hoton biki da dare cikin hunturu, fitilar salula ta haska ƙurar da ke dab da gilashin kyamara, sai ta fito fararen ƙwallaye suna shawagi a kan amarya. A ce aljanu ne. Hoton da WhatsApp ya riga ya matse, a kama shi da yatsa biyu a buɗa har ya farfashe, can a wata ƙofa ta baya a ga duhu-duhu, wani ya ce wannan ba wance ba ce? Da an ambaci suna, kowa ya gan ta. Jibi jaririn gidan ya kama zazzaɓin da sauro ya kawo, shi ke nan tsohuwa marar gata ta zama mayya. Alhali salular da kanta kan yi wannan kuskure: sau nawa ta ɗora ɗan akwatin nan na gane fuska a kan tulu ko buhun gero?

Haka zancen takalmi. A 1997 kamfanin Nike ya janye wasu takalmansa daga kasuwa ya ba da haƙuri, saboda zanen harshen wuta da ke jikinsu ya yi kama da sunan Allah. Wannan babban kamfani ne, ya yi asara ya ci gaba da ciniki. Ɗan kasuwar da ya saro silifa daga Kano ya baza a Kasuwar Dole bai zana komai ba, bai ma juya tafinsu ba. In wani ya juya ya ɗaga murya ya ce ga sunan Allah ana takawa, kafin mai hankali ya iso ya duba da kyau, Allah kaɗai Ya san abin da taro zai yi. Kishin addini alheri ne. Amma ran mutum da mutuncinsa Allah Ya haramta su da nassi bayyananne, ba da kama ba.

Yanzu ɗauki tumatirin da ba rubutu a cikinsa, irin wanda ake zubawa a miya kullum ba wanda ya ɗauke shi hoto. Daga ƙwayar da iska ke iya hurewa ya fito, ya sha ruwa ɗaya da barkonon da ke gefensa, wannan ya yi zaƙi wancan ya yi yaji. Ko ka tsaya a kan tudu ka dubi kwarin Gidimuni. Tuddan rairayi ta kowane gefe, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, amma ga ruwa kwance a tsakiya, wanda rairayi ya sha ya ɓoye sannan ya tsattsafo da shi daga ƙasa. Ga rake, ga rogo, ga tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara su sauka a bakin tafkin, wanda a 2019 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Ga dabino, namiji dabam mace dabam, kuma a wannan yanki yakan yi fure sau biyu a shekara, alhali a yawancin ƙasashen dabino sau ɗaya ne. Duk wannan ba ya bukatar runtse ido, ba ya gushewa in rana ta take. Da Alƙur'ani ya kira mutane su yi kallo, raƙumi ya nuna musu, da sama, da duwatsu, da ruwa, da dabino, abubuwan da ɗan ƙauye ke wucewa ta gefensu kullum safiya. Mun saba da su, shi ya sa ba ma tura su ga mutum goma.

Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar ranar da Ibrahim ya rasu, ɗan da Mariya Baƙibɗiya ta haifa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shekara ta 10 ce bayan hijira. Yaron bai cika shekara biyu ba, ko yaye ba a yi masa ba. Ƴaƴansa maza na farko sun riga sun rasu a Makka suna ƙanana, shi kuma Annabi ya haura 60. Ya ɗauki yaron yana numfashin ƙarshe, idanunsa suna zubar da hawaye. A ranar kuma rana ta yi husufi. Masu lissafin falaki sun kai shi ga safiyar 27 ga Janairu 632. Mutanen Madina suka ɗaga kai, suka haɗa abin da ke sama da abin da ke zukatansu, suka ce rana ta dushe saboda mutuwar Ibrahim.

Tsaya a nan kaɗan. Masu faɗin haka masoya ne, don ƙauna suka faɗa. Maganar ta'aziyya ce ga uban da ke cikin makoki. Kuma tana da amfani a zahiri: ga munafukai a cikin gari, ga ƙabilun da ba su daɗe da shiga Musulunci ba, ga Musailama a Yamama yana da'awar annabci. Ba a ma nemi Annabi ya ce komai ba. Da ya yi shiru kawai, da labarin ya zagaye Larabawa cewa sama ta yi kukan ɗansa. Wane shugaba ne a cikin namu, na siyasa ko na addini, za a miƙa wa irin wannan kyauta ya mayar?

Shi ya mayar. Ya ja mutane sallah doguwa, ruku'u biyu a kowace raka'a, sannan ya yi huɗuba. Buhari da Muslim duk sun kawo labarin. Abin da ya koya musu kashi biyu ne, kuma yawancinmu ɗaya muke riƙewa mu saki ɗaya. Ya tabbatar musu rana da wata ayoyin Allah ne. Sannan ya yanke alaƙar da suka ƙulla tsakanin husufin da mutuwar wani ko rayuwarsa, ko da wannan wanin ɗan cikinsa ne. Bai raina abin da suka gani ba. Fassarar da suka ɗora masa ya cire. A madadinta ya ba su aiki: sallah, addu'a, kabbara, sadaka, har rana ta washe. Ɗan boko mai dariyar tsohuwa da gautarta ya saki kashi na farko. Mai tura hoto da barazanar amin ya saki na biyu.

Allah Ka tsare idanunmu daga gaggawar da ke cutar da bayinka, Ka tsare harsunanmu da yatsunmu daga jingina maka abin da ba Ka faɗa ba, Ka ba mu ƙarfin mayar da alamar da ke goyon bayanmu in ba gaskiya ba ce.

Da yawa cikinmu sun ga husufin 29 ga Maris 2006, wanda inuwarsa ta bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi ta nufi Sahara, rana ta dushe har a ƙasar Damagaram. Lokacin salula mai kyamara ba ta cika hannun mutane ba. Wani babba na tafe. Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 inuwar wata za ta ratsa arewacin Maroko, ta bi ta Masar inda garin Luksor zai yi fiye da minti shida cikin duhu, ta haye Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka. Mu nan wani sashe na ranar ne zai rufe. Masu lissafi sun san sa'arsa da mintinsa tun yanzu. Kafin la'asar ta ranar wayoyi za su cika da fuskoki da rubuce-rubuce a kewayen baƙar rana, duk babban mutumin da ya rasu a makon za a ce dominsa ne, kowane ɓangare kuma zai ce da abokan gabarsa ake. Wanda Allah Ya kai, ya tanadi alwala da abin sadaka, ya kuma hana yara kallon ranar da ido tsirara, don tana ƙona ido ko da rabinta a rufe.